Ƙyallen Wuya da Tuwon Mutum Shida

Malamin da ke kula da 'yan sikawut a makarantarmu bai taɓa taka Jamus ba. Iyakar tafiyarsa Jos. Amma in ya fara ba da labarin samarin Jamusawa, sai ka rantse da shi aka yi komai. Kafin ya shiga koyarwa ya yi aiki a wani kamfanin haɗa manyan motoci a bayan garin Bauchi, a can ya haɗu da wani tsohon Bajamushe mai son hira, wanda ke ba shi labarin ƙuruciyar mahaifinsa lokacin cin abincin rana. Malam ya kwashe labarin tsaf, ya zo yana juye mana a gindin dalbejiya duk yammacin Alhamis.

Wai tun kafin yaƙin duniya na farko, wasu 'yan makaranta a gefen babban birninsu suka gaji da hayaƙin masana'antu, da riga mai shaƙe wuya, da iyaye masu tsawa. Suka yanke wandunansu a gwiwa, suka rataya tukunya da jita ta kiɗa, suka kama hanyar duwatsu a ƙafa. Har sunan tsuntsayen da ke ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa suka sa wa kansu. Su suke dafa abincinsu a kan itace, inda rana ta faɗi kuma su roƙi manomi ya bar su su kwana a ɗakin ciyawa, kusa da shanu. Daga baya tsarin sikawut mai inifam da sarawa ya iso musu daga Ingila, manya suka so su mai da abin fareti zalla, yaran suka karɓi ƙyallen wuya amma suka ƙi barin yawo. In Malam ya zo wajen da gwamnatin kama-karya ta haramta ƙungiyoyin nan, sai ya rage murya kamar ana jin mu daga can. Mu dai ba wannan ne ya dame mu ba. Kwana a kan ciyawa shi ne ya shiga kanmu ya ƙi fita.

Ni ɗan unguwar Wunti ne a cikin Bauchi, na tashi cikin ƙarar kekunan ɗinki da ihun 'yan kasuwa, ban taɓa kwana inda babu bango ba. Abin da nake so a duniya a lokacin ɗaya ne: ƙyallen wuya. Kore ne mai bakin rawaya, ana zura shi cikin zoben fata. Na yi shekaru ina kallon na gaba da mu suna taƙama da shi a wajen fareti, ga shi kuma ina ajin ƙarshe. Sau ɗaya ake bayarwa a shekara. In na rasa a wannan karon, na rasa ke nan.

A shekarar Malam ya ce ya daina ba da ƙyalle don an iya dama-hagu.

"Za ku yi yadda na farko suka yi," in ji shi. "Ku fita ran Asabar, ku dawo Lahadi. Ƙafa ce motarku. Inda dabbobi ke kwana, ko inda ake ajiye abincinsu, nan za ku roƙa ku kwana. Kuma duk wanda ya ci abin da hannun wani ya dafa, kada ya miƙo mini wuyansa."

Aka raba mu shida-shida, aka naɗa ni madugun namu. Ranar ban san yadda na isa gida ba, ina jin da gudu ne.

Babana takalman roba yake sayarwa a kasuwar Wunti, amma a ruga ya tashi, bayan shanu. Da na yi masa bayani bayan sallar magariba, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya yi dariya har ta koma tari.

"Na baro daji da ƙafata don kada ku kwana da shanu," ya ce, yana share ido. "Yanzu Jamus ta aiko a mai da ku? Je ka. Allah ya kiyaye hanya. In sauro ya tambaye ka, ka ce Bature ne ya turo ka."

Cikin mu shida, biyu ne ba zan manta ba. Ɗaya ɗan unguwar Gwallaga, babansa yana ƙera bokiti da murhu da gwangwani, shi ya ɗauko tukunya. Da yake ba mu da jita, ya haɗa mana kuntigi da gwangwanin kifi da wayar birkin keke. Ɗayan ɗan Ƙofar Ran, ɗan gidan malamai, wanda ko a wasa ba ya ƙarya, abin da ya sa kowa ke son sa kuma kowa ke tsoron yin laifi a gabansa. Dukkanmu mun yanke tsoffin wandunanmu a gwiwa. Shi ya yanke nasa taƙi guda ƙasa da gwiwa, saboda al'aura.

Muka fita ta Ƙofar Ran da sassafe. Lokacin kaka ne, damina ta ɗauke ba da jimawa ba, dawa ta sunkuyar da kai, duwatsun bayan gari har yanzu da sauran korensu. Kuntigi na ƙara kamar ana yanka ɗan akuya, mu kuwa muna waƙar da muka ƙirƙira a hanya, wadda ba ta da kai balle gindi. Mata masu tafiya kasuwa da itace a ka suka tsaya suna kallon gwiwoyinmu, suna toshe baki. Wani direban a-kori-kura ya taka birki ya ce mu hau, kyauta. Muka sara masa gaba ɗaya, na ce, "Mun gode, mu a ƙafa muke!" Ya girgiza kai ya ce Allah ya ba mu lafiya, kuma ba lafiyar jiki yake nufi ba. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na safiyar nan ba, ƙafafuna kamar ba sa taɓa ƙasa.

Da azahar muka haɗa duwatsu uku a bakin wani rafi, muka ɗora garau-garau. Sai a nan muka gane babu wanda ya taɓa dafa ko ruwan zafi a cikinmu. Muka zuba shinkafa da wake lokaci guda, babu kanwa. Shinkafar ta dame, ta kama, ta ƙone, waken kuwa yana nan yadda aka auno shi. Muka malala manja da barkono, muka ci muna jin ƙas-ƙas a haƙora, kowa na cewa bai taɓa cin abinci mai daɗin wannan ba. Ɗan Ƙofar Ran ne kaɗai ya yi shiru.

Bayan la'asar muka shiga wani ƙauye a gindin dutse. A ƙofar wani babban gida muka hango harawar gyaɗa an jibge a kan rumfa, awaki na ƙasa suna miƙa wuya. Muka kalli juna, murna ta kama mu. Ga ɗakin ciyawar Jamusawa Allah ya kawo mana har gida.

Maigidan dattijo ne, yana zaune a ƙofar zaure yana tufkar igiya. Muka durƙusa muka gaishe shi, na gyara murya.

"Baba, mu matafiya ne daga Bauchi. Alfarma muke roƙo, a bar mu mu kwana a kan harawar can."

Ya kalli harawar, ya kalle mu, ya sake kallon harawar.

"Laifin me kuka yi a gida?"

"Ba mu yi laifi ba, Baba. Al'adar Jamusawa ce."

"Su wane ne haka?"

"Turawa ne."

"Turawan ne ke kwana a kan abincin akuya?" Ya ajiye igiyar. "To ku ji, 'ya'yana. In na kwantar da 'ya'yan mutane a can, gobe da wane ido zan shiga masallaci? Ku shigo zaure."

Kafin mu buɗe baki an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa a moɗa. Ruwa ba dafaffe ba ne, muka sha. Muna cikin shawarar yadda za mu sake roƙonsa, sai ga wani ƙaton kwano an dire a gabanmu. Aka buɗe. Tuwon dawa ne, malmala a kan malmala, da miyar ɗanyar kuɓewa, man shanu na yawo a sama. Cikin ɗan Gwallaga ya yi ƙugi har maigidan ya ji.

Ɗan Ƙofar Ran ya sunkuyar da kai, cikin ladabi ya yi bayanin dokar Malam. Ina kallon fuskar dattijon tana canjawa.

"Wato ƙazanta kuka gani a gidan," ya ce a hankali, "ko kuwa tsoro kuke a sa muku wani abu?"

Muka shiga rantsuwa baki ɗaya, amma ya riga ya tashi ya shige cikin gida. Yaran gidan suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna kallon mu. Na tuna innata. In baƙo ya mai da mata kwano bai taɓa ba, takan yini tana tambayar kanta abin da ta yi masa. Matar da ta tuƙa tuwon nan tana bayan katangar can tana jira ta ga yadda kwanonta zai dawo.

Ɗan Gwallaga ya raɗa cewa mu juye a tukunya mu zubar a hanya. Ɗan Ƙofar Ran ya ce wannan yaudara ce da almubazzaranci a haɗe, ba da shi ba. Can sai ya ɗaga kai.

"Malam cewa ya yi wanda ya ci. Bai ce waɗanda aka kawo wa ba. In mutum ɗaya ya ci, an fita kunyar gida, biyar sun tsira."

"To wa zai ci?" na tambaya.

Ban taɓa ganin idanu goma sun juyo wuri ɗaya da sauri haka ba.

Raina ya ɓaci. Na ce musu munafukai, na ce madugu ba jakin kowa ba ne, na ce ni na fi kowa son ƙyallen nan kuma sun sani. Babu wanda ya musa. Suna dai kallona, yaran gida na kallona, man shanu ya fara daskarewa. Na ja tsaki, na jawo buta na wanke hannu. Lomar farko da na kai baki, na ji ƙyallen ya zame daga wuyana tun ban ɗaura shi ba, idona ya cika da hawaye. Abin haushin kuma, tuwon ya yi daɗi fiye da yadda ya kamata.

Wajen malmala ta biyu aka fara dariya ƙasa-ƙasa. A ta uku ɗan Gwallaga ya ciro kuntigi, yaran gida suka shiga tafi, ana ta "Ci, madugu! Ci, madugu!" Ni ma dariyar ta kama ni, ina haɗiya ina shaƙewa, ina zaginsu da baki cike. Wani na yi mini fifita da hula, wani na riƙe da moɗa. Ban bar komai ba sai ɗan abin da ake bari don kunya.

Dattijon ya fito, ya leƙa kwanon, yaran suka yi rige-rigen gaya masa mutum ɗaya ne ya yi aikin nan. Ya daɗe yana kallona.

"Tunda hannun babbanku ya shiga kwanona, kun ci," ya ce. "A ƙaro?"

Muka miƙe a tare. Da ya ga dai da gaske muke maganar harawa, kuma shi ba zai yarda ba ko sama da ƙasa za su haɗu, sai ya nuna mana hanyar da ta tsallaka rafi. Ya ce akwai ruga a can, su ne ke kwana da shanu, ƙila su gane irin ciwonmu.

Haka aka yi ta tura ni a hanya, ina tafe ina nishi. Mun isa ana kaɗo shanu gida. Wani saurayi mai sanda a kafaɗa ya saurari roƙonmu, ko gira bai ɗaga ba.

"To da a ina za ku kwana?" ya ce, ya nuna mana tarin karan dawa a gefen garke.

Abokaina suka yi tsalle, suka rungume juna, ɗan Gwallaga har da birgima. Sai ga wata tsohuwa ta fito daga bukka, siririya, ta nufo ni kai tsaye. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta ja kunnena ta duba.

"Kai ɗan wane ne?"

Na faɗi sunan babana da sana'arsa. Ta saki salati, ta kira shi da wani suna na ƙuruciya da ban taɓa ji ba. Ashe goggonsa ce, ita ta goya shi. Ta ce kunnuwan nan ko a kasuwa ta gan su za ta gane.

"Mijina ne ya zo! Mijina ya zo da gwiwa a waje, ko kunya!"

Ta juya ta ba da umarni da Fulatanci, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa, duk da babu sauran wuri a cikinsa. Ba a jima ba aka kawo ƙwarya, irin wadda ake ɗauka da hannu biyu, fura ce aka dama da kindirmo, ga ludayi shida a jere.

"Ai kai ka riga ka rasa," in ji ɗan Gwallaga, cikin murya mai tausayi.

Na so in kwaɗa masa ludayin. Amma tsohuwar ta zauna a gabana ta tallafe kumatu, tana jira. Ba a ce wa kaka an ƙoshi. Na yi bisimilla. Can gefe su biyar sun sake ɗora ragowar wakensu, hayaƙi na shiga idonsu, ƙamshin fura na kai musu ziyara. Ina tausayinsu suna tausayina, in muka haɗa ido sai dariya ta ɓarke. Da na ga gindin ƙwaryar, mutum biyu ne suka ɗaga ni suka kwantar a kan kara, cikina kamar ganga. Haka na yi kwanan Jamusawan da na daɗe ina mafarki, a rigingine, ban iya ko juyawa ba.

Da safe aka kawo madarar da aka tatsa a lokacin, da ɗuminta. Kowa ya kalli ɗan Ƙofar Ran. Ya yi tunani, ya ce madara ba dafaffiya ba ce. Kafin ya rufe baki sun far wa ƙwaryar. Ni ko kallon ta ban iya ba.

Ran Alhamis muka jeru a gindin dalbejiya, ƙyallaye na ninke a kan benci. Malam ya tambayi ƙungiyarmu yadda aka yi, ɗan Ƙofar Ran ya ba da labari tun daga wake har madara, bai rage ko malmala ɗaya ba. Malam ya fara da murmushi, ya koma riƙe ciki, daga ƙarshe ya cire tabarau ya zauna a kan saiwar bishiya yana cewa a bari ya huta. Ganin haka na fara sa rai.

"Bajamushen nan bai taɓa gaya mini abin da suke yi in an kawo musu tuwo ba," ya ce da ya samu numfashi. "Ina jin ba a kawo musu." Ya mai da tabarau, ya dube ni. "Madugu, abin da ka yi shi ne daidai. Da ni ne ma haka zan yi. Amma na faɗi magana a gaban kowa, kuma akwai waɗanda suka kwana da yunwa saboda ita."

Ya ɗaura wa biyar. Ni na tsaya a ƙarshen layi ina kallon tuta don kada hawayen su zubo. Hawayen sun jira har na isa gida. Ranar na tsine wa duk wani ɗakin ciyawa da ke ƙasar Jamus.

Alhamis ta gaba ban yi niyyar zuwa ba, babana ne ya kore ni daga shago. Ina zagayowa bayan aji sai na ci karo da su biyar suna jirana. Ɗan Gwallaga ya zare ƙyallensa, ya rataya mini, ya ja zoben har ya shaƙe ni.

"Yau nawa za ka sa. Mako mai zuwa na wani."

Na ce ba na son sadaka. Suka ce in na cire za su taru su yi mini dukan da zan amayar da tuwon da furar. Aka busa usur.

Malam ya zo yana duba layi, hannu a baya. Ya tsaya a gabana. Ya miƙa hannu ya sassauta zoben, ya daidaita bakin ƙyallen, ya wuce. Da ya isa kan ɗan Gwallaga sai ya ɗaure fuska.

"Ina ƙyallenka?"

"Yana cikin layi, Malam."

"Tsallen kwaɗo, har bakin katanga ka dawo."

Ya kama kunne ya tafi yana tsalle yana dariya, ana jin sa har ƙarshen fili. Mako na gaba ɗan Ƙofar Ran ne, shi ma amsar da ya bayar ke nan, kuma ba ƙarya ya yi ba. Har muka bar makarantar ban taɓa mallakar ƙyalle ba, ban kuma sake yin fareti babu shi ba. Duk Alhamis akwai ɗaya daga cikinsu da ke tsallen kwaɗo da wuya a sake, ni kuma ina cikin layi ina sara wa tuta.